Tsintsiya, Kwata da Mita: Abin da Na Gani a Kasuwar Malam Atta

Motar da ta kwaso mu daga iyakar Aflao ta sauke mu da la'asar sakaliya kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa a Akra ke kira Circle. Baƙo ba ya tsayawa a wurin nan bai ɗaga kai ba. Gadar sama ce mai hawa uku, motoci na wucewa bisa kan juna, ga mutum-mutumin Nkrumah tsaye a tsakiya. Wani kamfanin ƙasar Barazil mai suna Queiroz Galvão ne ya gina ta, Shugaba John Mahama ya buɗe ta a watan Nuwamban 2016, kuma don tsabar burge mutane da ta yi har suka laƙaba wa wurin Dubai. Daga nan na hau trotro, wato bas ɗinsu na haya, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran New Town. Tafiyar ba ta da nisa. Muka haura ta Kokomlemle, titi na ƙara tsukewa, shaguna na ƙara matsowa, har na fara jin Hausa tana tashi daga bakin titi.

Mai masaukina dattijo ne mai sayar da hatsi a Kasuwar Malam Atta. Kakansa ya baro ƙasar Katsina zamanin fataucin goro bai koma ba, shi kuwa a Akra aka yanke masa cibi. Hausarsa ta zango ce, mai sauri, tana ɗauke da kalmomin Twi da Ga nan da can, amma gaisuwarsa ta gida ce tsaf. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, sannan ya sa aka kawo mini tuwo da miyar ayoyo.

Kasuwar tana cikin unguwar New Town, kuma daga ita zuwa Nima ko Maamobi ɗan taƙi ne. Kasuwar cefane ce, mata ne suka fi riƙe ta. Doya a jere an ɗora ta har ƙugu, ayabar dafuwa, rogo, busasshen kifi a manyan kwanduna, manja a galan, ganda a cikin ruwa, tumatir, ƙananan attaruhu kore masu ƙamshi, ga albasar Nijar a buhunan raga. Tsakanin rumfuna 'yan mata 'yan dako daga arewacin ƙasar, waɗanda ake kira kayaye, suna ratsawa da faffaɗan kwano a ka, wata da goyo a baya. Mai saye zai taya da Twi, mai sayarwa ta amsa da Ga, in ciniki ya yi tsami sai a koma Hausa. Na zo ne ziyara da ganin gari, amma zaman da na yi a rumfar dattijon nan ya karkata hankalina ga wani abu daban. Kusan duk hirar da aka ɗauko, ko ta shara ce ko ta wuta ko ta ruwa, sai ta ƙare a kan wani kamfani, ko mallakar gwamnati ko wanda gwamnati ta ba kwangila. Na faɗa masa haka, sai ya ce, "Ɗana, ai mu nan ba ma ganin minista sai lokacin zaɓe. Gwamnatin da muke gani kullum ita ce mai karanta mita da mai kwasar bola."

Bayan sallar asuba muka fita shan koko da ƙosai a bakin kasuwa, gari bai gama wayewa ba. A nan na ga masu shara. Yawancinsu mata ne da suka manyanta, sanye da rigunan aiki masu launin shuɗi da ruwan lemo. Ɗaya daga cikinsu tana aiki dab da inda muke zaune. Tsintsiyar kwakwa ce a hannunta, gajera, dole sai ta sunkuya. Tana tattara ɓawon ayaba da ganyen da aka naɗe abinci da ledojin ruwa, ta tura su kan wani yankakken kwali da gefen ƙafarta, ta ɗaga ta zuba a kwando, ta miƙe ta dafa ƙugu, ta sake sunkuyawa. Inda ta wuce har ƙasa ake gani fes. Na ce, "Sannu da aiki, Iya." Ta ce, "Yauwa, ɗana, sannu da zuwa," ba ta ko tsaya ba. Kafin masu rumfa su fara kwance kaya, layin ya zama kamar ba a ci kasuwa a cikinsa jiya ba.

Ban tambaye ta nawa take samu ba, don ba tambayar da baƙo zai yi wa uwa ba ce a bakin titi, kuma amsar tana cikin jaridun ƙasar shekara da shekaru. A 2006, zamanin Shugaba Kufuor, gwamnatin Gana ta shigar da aikin shara cikin shirinta na sama wa matasa aikin yi, ta kuma ba da gudanar da shi ga kamfanin Zoomlion, wanda ɗan kasuwa Joseph Siaw Agyepong ya kafa a ƙarƙashin rukunin kamfanoninsa na Jospong. Shirin ya yi ta canza suna, ya zama GYEEDA, daga baya ya zama hukumar YEA. Gwamnatoci sun zo sun tafi, jam'iyyar NPP ta ba NDC mulki, NDC ta mayar wa NPP, kwangilar tana nan. Yadda tsarin yake a lokacin, gwamnati na biyan kamfanin wani adadi a kan kowane mai shara duk wata, kamfanin ya ba ma'aikaci nasa ya riƙe saura a matsayin kuɗin gudanarwa. Lokacin da adadin yake sidi 500, mai shara 100 yake karɓa. Da ya koma 600 sai aka ba shi 180. A ƙarshe ya kai sidi 850, mai shara na tashi da 250, kamfani na riƙe 600. Raba 250 ɗin nan gida talatin, za ka samu sidi 8 da 'yan kai a rana, alhali mafi ƙarancin ladan yini da dokar ƙasar ta tsayar a 2024 sidi 18.15 ne. Akwai kuma taƙaddama a kan yawan ma'aikatan kansu, domin ana biyan kuɗin mutum dubu 45 ne, amma da hukumar YEA ta yi ƙidaya a 2018, waɗanda ta samu sun gaza haka da dubbai.

Kamfanin yana da tasa hujjar, kuma adalci ne a faɗe ta. Yana cewa daga cikin kasonsa ake sayen kekunan kwasar shara da baro da tsintsiya da rigunan aiki, a biya masu sa ido, a zuba wa motoci mai, sannan gwamnati kan daɗe ba ta biya bashin da ake bin ta ba. Ba kuma za a ce bai yi komai ba. Ya kawo motoci da manyan kwantenonin shara a garuruwan da ba su da su, ya buɗe masana'antar sarrafa shara zuwa taki a Adjen Kotoku a 2012, kuma shi aka ba aikin feshin magani a kasuwannin Akra a watan Maris na 2020 da korona ta shigo. Sunansa ya shiga bakin mutane har yara kan kira duk mai kwasar shara da shi. Amma duk yadda aka juya lissafin nan, ni dai zuciyata ba ta yarda a ce wadda bayanta ke sunkuye tun asuba ta tashi da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka fitar da sunanta ba. Kuma ba wannan kaɗai ne tabon da ke tarihin kamfanin ba, domin a 2013 Bankin Duniya ya dakatar da shi shekara biyu daga shiga kwangilolinsa saboda cin hancin da aka bayar a wani aikin shara a Laberiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda maganar ta ƙi mutuwa. Wani ɗan jarida, Manasseh Azure Awuni, ya kama ta tun badaƙalar GYEEDA a 2013, ya yi ta bin takardu yana wallafawa, gwamnati bayan gwamnati, bai gaji ba. Bayan na dawo gida ne labari ya iso cewa a watan Yunin 2025 fadar Shugaba Mahama ta amsa ƙorafin da ya rubuta mata, ta ce kwangilar ta ƙare kuma ba za a sabunta ta ba, sannan za a ƙara wa masu shara abin da suke karɓa. Kusan shekara goma sha tara ke nan da fara ta. Wannan ya shafe mu a Najeriya kai tsaye, tunda a 2024 gwamnatin jihar Legas ta sa hannu a wata yarjejeniyar sarrafa shara da rukunin Jospong ɗin nan.

Kafin in baro Akra, wata ranar Laraba, wadda ita ce babbar ranar kasuwar Nima, ɗan mai masaukina ya raka ni can a ƙafa. Nima ta samo asali ne a 1931, lokacin da Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu, ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, baƙi suka yi ta sauka a wurinsa har wuri ya zama gari. Yau kuwa gidaje sun haɗe, lungu bai wuce mutum biyu su gifta juna ba. Muka tsaya a kan wata 'yar gada muka leƙa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Ruwan baƙi ne, ledoji da robobi sun taru a kowace kwana, bayan gidajen mutane na kallon ta. Daga inda muke tsaye, fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House da babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, duk ba su fi tafiyar ƙafa ba.

Kwatar nan tana gangarawa ne ta zube a kogin Odaw, wajen Circle. Duk wanda ka tambaya a zango yana tuna daren 3 ga Yunin 2015. An tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanai suka toshe, Circle ta cika. Mutane suka fake a wani gidan mai na GOIL, kamfanin mai da gwamnati ce ke da kaso mafi girma a cikinsa. Mai ya malalo ya bi saman ruwa, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Shekarar da ta gabaci wannan kuma kwalara ta kama sama da mutum dubu 28 a ƙasar, Akra ce ta fi jin jiki. Tun daga nan an ba da kwangilar yashe Odaw ba sau ɗaya ba, har da wani kamfanin rukunin Jospong mai suna Dredge Masters. A 2017 Shugaba Akufo-Addo, wanda gidansa na kansa a Nima yake, ya yi alkawarin mayar da Akra birni mafi tsafta a Afirka. A 2019 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 200 don shirin GARID na gyara magudanan yankin Odaw, kuma kwatar Nima na cikin lissafi. Saurayin da ya rako ni ya san sunayen shirye-shiryen nan duka. Ya ce da ni, "Kawu, yashewa ana yi, amma in an tara yashin a bakin kwata ba a kwashe ba, ruwan farko ne zai mayar da shi." Kuma bai ɗauke wa mutanen unguwa nasu laifin ba, don shi ya fara nuna mini masu jiran hadari ya haɗo su juye shararsu a kwata.

Sai maganar wuta, wadda ta fi kowace tsawon tarihi. A bayan rumfar mai masaukina akwai mai injin niƙa, a gefensa tela, a gaba mai sayar da kifi da kaji a firji. Kowannensu da mitarsa ta kati manne a bango, kuma kowa ya san saura nawa a cikinta kamar yadda ya san kuɗin aljihunsa. Wutar da ke shiga mitar nan tana bi ta hannun kamfanonin gwamnati uku: hukumar VRA da wasu 'yan kasuwa masu tashoshi suna samarwa, GRIDCo na ɗauko ta a manyan wayoyi, ECG na rabawa gida-gida a kudancin ƙasar. Tushen abin shi ne madatsar ruwa ta Akosombo. Nkrumah ya kafa VRA a 1961, kamfanin Italiya Impregilo ya yi ginin, aka ƙaddamar a watan Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su hamɓarar da shi. Kaso mai tsoka na wutar, a farashi mai rahusa, ya tafi ne ga masana'antar narka alminiyom ta VALCO a Tema, wadda a lokacin mallakar kamfanonin Amurka ce. Tafkin da madatsar ta haifar ya tashi mutum kusan dubu 80 daga gidajensu, kuma cikin garuruwan da ruwa ya ci har da tsohuwar Kete Krachi, zangon da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. Ke nan Hausawa ma sun biya nasu kason na wutar Gana tun kafin ta iso gidajensu.

Daga 2012 zuwa 2016 ƙasar ta sha fama da ɗaukewar wuta da suke kira dumsor, har a 2015 aka kai ga tsarin awa 24 babu, awa 12 akwai. Maganin da aka kawo shi ne a damƙa ECG hannun 'yan kasuwa. Amurka ta sa wannan cikin sharuɗɗan tallafin dala miliyan 498 da hukumarta ta MCC ta ƙulla da Gana a 2014. Ranar 1 ga Maris 2019 wani gungun kamfanoni mai suna PDS, wanda Meralco na ƙasar Filifins ke ciki tare da wasu 'yan Gana, ya karɓi ragamar rabon wuta na shekara ashirin. Ba a cika wata biyar ba gwamnati ta dakatar da shi a ƙarshen Yuli, bisa cewa takardar lamunin da aka gabatar daga wani kamfanin inshora na Katar ba ta inganta ba. A watan Oktoba aka soke yarjejeniyar, ECG ta karɓi kayanta, Amurka kuma ta janye dala miliyan 190 da suka rage. Dukiyar ƙasa ta biliyoyi aka miƙa kafin a gama tantance takarda guda. Ruwan famfo ma ya taɓa bin irin wannan hanya: daga 2006 zuwa 2011 an ba kamfanin Aqua Vitens Rand, haɗin gwiwar Holan da Afirka ta Kudu, gudanar da ruwan birane, da wa'adi ya cika ba a sabunta ba. Har yanzu jarkoki masu launin rawaya suna layi a lungunan zango, ruwan sha kuwa na leda ne.

Ɗan Najeriya ba zai ji wannan ya yi mamaki ba. Gana ta yi Ghana Airways da jiragen ruwa na Black Star Line da masana'antun GIHOC, ta kai tana da kamfanonin gwamnati sama da 300, sannan daga 1988 gwamnatin Rawlings ta shiga sayar da su. Mu ma mun yi Nigeria Airways, mun ga NEPA ta zama PHCN, a 2013 aka sayar da rabon wuta, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Shekaru muna gardama a kan wanne ya fi, gwamnati ta riƙe ko a ba 'yan kasuwa. Zaman rumfar nan ya sa na daina ganin nan ne gizo ke saƙa. An gwada duka biyun a kan mutanen unguwa ɗaya, kuma inda duk aka cuce su, ta takardar da ba su gani ba aka bi: nawa aka biya, wa aka ba, me aka ce zai yi, yaushe zai gama. Inda kuma aka samu gyara, wani ne ya nemo takardar ya karanta wa jama'a da babbar murya, ya ƙi yin shiru.

A nan ne nake da magana da 'yan uwana na zango, kuma da ƙauna nake yin ta. Kuna da ƙuri'a mai yawa, 'yan siyasa sun sani, shi ya sa a 2017 aka kafa muku ma'aikata sukutum da asusun raya zango, ko da yake an rushe ma'aikatar a 2021. Kuna da sarakuna da limamai da ake jin maganarsu, kuna da Babban Limamin ƙasa Shaikh Usman Nuhu Sharubutu wanda kowace gwamnati ke zuwa gaishe shi. An kuma matso muku da hukuma kusa, Nima na ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi na ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa, ga dokar 'yancin samun bayanai da majalisar ƙasa ta zartar a 2019. Amma sau da yawa abin da ake nema wurin ɗan takara bai wuce buhun shinkafa da sukarin azumi da kujerar Makka ba. In 'yan kasuwa sun iya tsayar da farashin doya da baki ɗaya a ƙarƙashin shugabarsu, za su iya tura wakilai ofishin ƙaramar hukuma su ce a nuna musu kwangilar sharar kasuwarsu, tunda kullum ana yanka musu tikiti.

Mu ma na Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi maganar ta hau kanmu. Masu share mana kasuwannin Kwari da Sabon Gari da asuba, wa ya san nawa ake fitarwa da sunansu, nawa ke isa hannunsu? Duk aikin kwata ko titi da aka kafa wa allo a unguwarku, ku tsaya ku karanta sunan ɗan kwangila da ranar gamawa, in babu ku tambayi kansila a gaban jama'a. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa hakkin lebura a wuyan wanda ya sa shi aiki yake, ko gwamnati ce ko kamfani. 'Yan jaridarmu na rediyo kuma, waɗanda talaka ya fi saurara, ina roƙon ku ku zaɓi kwangila ɗaya tak a jiharku, ku nemo takardunta, ku bi ta har ƙarshe ko da za ta ci shekara goma.